Ni Na Ɗanɗana Ƙwaryar Mazalo

Inna Solim, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki buga sunana ko na ƙauyenmu. Sunayen mutanen da zan ambata ma duk na canza su. Kwana tara ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Ranar Asabar mai zuwa dattawa za su zauna a kan wata magana, kuma gaskiyar maganar tana bakina, na kasa tofar da ita na kasa haɗiye ta.

Shekarata ashirin da ɗaya. Bana na yi kokawar Evala ta uku, wato ta ƙarshe. Ke ma 'yar ƙasar nan ce, ba sai na faɗa miki ba, daga bana an daina kirana yaro. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya saya mini karen da na ci a shekarar farko kamar yadda al'adar kokawar take, kuma tun daga lokacin bai taɓa fashin zuwa bakin fili ba in zan yi kokawa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, to kin ga matsayin mutumin nan a wurina.

Kawu yana da 'ya, Mazalo, shekararta ashirin, tana karatun ungozoma a Kara. Tare muka tashi. Ita tana kirana Kan Tulu saboda girman kaina, ni ina kiranta Likita. Mazalo ba ta shan abin da ke sa maye. In an je biki, cukutu, abin shanmu na dawa, mai zaƙinsa kawai take sha, wanda bai kwana ba, wanda ko yaye za a iya ba shi. Sai kuma abokina Akleso, ɗan acaba ne a Kara. Tukunya ɗaya muka ci kare da shi, gwangwanin hoda ɗaya muke shafawa kafin mu shiga fili. Shekara biyu yana bin Mazalo, ita kuwa kullum amsarta ɗaya ce, wai ya je ya wanke ƙeyarsa tukuna.

Kin san ba a miƙa wa mutum ƙwarya sai an kai ta baki. Mai cukutu tana kurɓa kafin ta ba ka, kai ma kana kurɓa kafin ka ba na kusa da kai. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya ɗanɗana ya ɗauki alhakin abin da ke ciki. Mazalo ba ta karɓar ƙwarya daga hannun saurayi ko da ya kurɓa sau goma. Daga hannun yayanta Toyi take karɓa, sai kuma hannuna.

Akwai wani wasa da samarinmu suke yi, muna kiransa yi wa ƙwarya baftisma. Sodabi, barasar bammi mai zafin gaske, ake ɗurawa a 'yar kwalba a soke a ƙugu, in yarinya ta juya sai a tsiyaya mata a cikin mai zaƙin, wai don ta saki jiki. Ba zan yi miki ƙarya ba, na sha ganin ana yi, kuma in idonta ya fara juyawa aka ce an shigar da ita coci, har da ni ake fashewa da dariya. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ke faruwa da su bayan an tashi ba.

Ranar ƙarshe ta kokawa na kayar da mutum uku. Aka ɗauko ni a kafaɗa har rumfar Iya Neme, mai cukutun unguwarmu. Rana ko karkata ba ta yi sosai ba na riga na sha ƙwarya huɗu na mai ƙarfin. Mazalo tana can gefen benci da ƙawayenta tana yi mini dariya. Sai Akleso ya matso ya rungumo wuyana ya ce, "Zaki, taimaki ɗan'uwanka mana. Dubi 'yar kawun nan taka, ta zauna kamar an dasa ta. Ɗigo biyu kawai, ta tashi ta taka rawa, shi ke nan."

Na ce masa, "Kai, rabu da ita, wannan ba irinsu ba ce."

Ya ce, "To wa ya ce cinye ta zan yi? Yau fa aka ce ka zama namiji, har yanzu kawu kake tsoro?"

Wannan kalmar ce ta kayar da ni, ni da mutum uku suka kasa. Ya juya baya ya tsiyaya, kuma na gani da idona, ba ɗigo biyu ba ne, rabin kwalba ne. Na ɗauki ƙwaryar na kai mata. Ta ɗago kai ta ce, "Kan Tulu, mai zaƙi ne ko?" Na kurɓa a gabanta. Inna, na ji wutar tun daga harshena har ƙirjina. Na goge baki na ce, "Ba ga shi na sha a gabanki ba, Likita?" Ta sha, ta yamutsa fuska ta ce yau na Iya Neme da yaji. Na ce citta ta zuba. Yarinyar da ba ta taɓa sanin ɗanɗanon sodabi ba, ina za ta gane? Ta shanye, na kuma kawo mata ta biyu.

Daga nan na manta da ita. Wata yarinya da ta zo hutu daga Lome ta yi ta shafa mini kafaɗa, muka tafi ɗakin wani abokinmu. Ko sunanta ban riƙe ba, kuma ban sa kwaroron roba ba. Yanzu in na tuna yadda take tangaɗi a hanya sai gabana ya faɗi, don ban san ko ita ma wani ya yi wa ƙwaryarta baftisma ba.

Kafin rana ta faɗi mata masu dawowa daga rafi suka tsinci Mazalo a cikin gonar dawa. Zaninta a yage, leɓenta a fashe, shaidar yatsu a wuyanta, ta yi amai a jikinta, ko sunanta aka kira ba ta amsawa. Mutane da yawa sun ga Akleso ya riƙe ta sun fita daga rumfa, yana cewa gida zai kai ta.

Washegari da safe aka aiko in je gidan Kawu. Na tarar da ita a durƙushe a tsakar gida, Kawu a tsaye da guntun bel ɗin injin niƙa a hannunsa, Toyi ya jingina da rumbu. Abin da ya fi ƙona Kawu shi ne an ce an ga 'yarsa a buge a gaban jama'a. Tana kuka tana cewa, "Baba, mai zaƙi na sha, na rantse. Ku tambaye shi, shi ya ba ni, ya sha a gabana." Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai, me ke cikin ƙwaryar?" Na dubi bel ɗin, na dubi Toyi. Sai na ji bakina yana cewa, "Mai zaƙi na ba ta, Kawu. Abin da ta sha bayan na tashi ne ban sani ba."

Ban rufe baki ba bel ya sauka. Ya dake ta a baya, ya dake ta a cinya inda da ma take da ciwo, yana cewa maƙaryaciya, 'yar giya, ta zubar masa da mutunci. Da ta kare fuska sai ya sami yatsunta. Uwarta ta faɗa kanta, bel ya tsaga wa uwar kunne, jini ya ɓata mata riga, bai tsaya ba sai da maƙwabta suka tsallako katanga suka riƙe shi. Mazalo ba ta yi ihu sosai ba. Ni take kallo ta tsakanin hannuwan uwarta, kallon wanda bai gane abin da ya ji ba.

Na fita ban san inda nake jefa ƙafa ba, na sami Akleso a bakin rafi yana wanke babur yana fito. Da ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "A'a, Fadan coci! Ina kwana? Baftismarka ta karɓu fa." Na sunkuce shi na maka da dutse, na hau ƙirjinsa da gwiwa na yi ta naushin bakinsa har na ji haƙora suna motsi a ƙarƙashin hannuna. Na ja hannunsa na dama na ɗora a kan dutse na taka, ya yi ƙara kamar an karya karan dawa. Da masu wanki ba su taru sun janye ni ba, da kansa zan fasa, don har na ɗauki dutsen. Yana kwance jini na zuba daga bakinsa ya ce mini a hankali, "Ko ka kashe ni, kai ka kurɓa."

To yanzu ni ne gwarzon ƙauye, Inna. Duk inda na wuce sai a ce ga wanda ya rama wa 'yar'uwarsa. Kawu ya kawo mini jan zakara da hannunsa ya ce da ma ni ya haifa. Zakaran yana nan ɗaure a gidanmu, na kasa yankawa, duk safiya in ya yi cara sai in toshe kunnuwana. An kai Mazalo wurin gwaggonta a wani ƙauye, Kawu ya ce karatu ya ƙare, mai shan giya ba za ta karɓi haihuwar kowa ba. Dangin Akleso suna cewa da ƙafarta ta bi shi bayan ta sha ta ƙoshi, kuma za su kai ni wurin jandarma saboda hannun. Shi Akleso ba zai ambaci kwalba ba, don ita za ta rataye shi. Toyi kuwa kullum yana wasa adda a ƙofar gida, ya rantse duk mai hannu a abin nan sai ya sare shi, kuma ni na san Toyi, ba ya rantsuwar banza.

Shekaranjiya ta kira ni da wayar gwaggo. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Kan Tulu, ka yi tunani da kyau. Ko Iya Neme ce ta yi kuskuren tukunya? Ai kai ma ka kurɓa. Ba ka ji komai ba?" Na ce mata ba na jin ta sosai, na kashe wayar, na zauna bayan rumbu na yi kuka kamar yaro.

In na yi shiru ranar Asabar, za a yanke cewa ita ta jawo wa kanta, karatunta ya tafi ke nan. In na yi magana, na rasa Kawu, wataƙila na rasa hannu ko wuya. Wani abokina ya ce in taho Lome, akwai aikin dako a tashar jirgin ruwa. Ina jin tsoro, Inna, kuma na tsani kaina. Me zan yi?

Wanda ya kurɓa, daga yankin Kara.

Amsar Inna Solim

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Karo na farko na ji kamar in zo da kaina in kwaɗa maka mari, karo na biyu na ji tausayinka. Dukansu biyu suna nan a raina yayin da nake rubuta maka wannan amsa.

Bari mu fara kiran abin da sunansa, tunda kai ka kewaye shi. Fyaɗe aka yi wa Mazalo, kuma Akleso ne ya yi, ba kai ba. Macen da ba ta iya tsayuwa da ƙafarta ba ta iya cewa na yarda. Ko da ƙwarya goma ta sha da son ranta, babu wanda yake da ikon taɓa ta, kuma babu abin da zai halatta dukan da kawunka ya yi mata. Na kuma yarda ba wannan ka nufa ba lokacin da ka ɗauki ƙwaryar. Ka sha giya, an zuga ka, an taɓa maka girman kai a ranar da ya fi kumbura.

Amma ka ga rabin kwalba da idonka, ka ji wuta a harshenka, ka san mutumin shekara biyu yana bin ta tana ƙi. Da Akleso zai iya ba ta da kansa, da bai neme ka ba. Amincin da ke tsakaninka da ita yake bukata, kai kuma ka ba shi aro. Wannan na farko ke nan, kuma giya tana da kaso a ciki. Na biyu shi ne maganar da ka faɗa wa kawunka da safe, idonka biyu, babu ko ɗigo a cikinka. Ita ce ta saukar da bel, kuma ita ce har yau take riƙe da yarinyar nan a ƙauyen gwaggo.

Hannun Akleso kuwa, kada ka ruɗi kanka da yabon mutane. Ba don Mazalo ka karya shi ba. Ka karya shi ne don ya kira ka da sunan da ka san ka cancanta. Dukan bai ƙara mata komai ba, sai ma ya ba danginsa abin riƙewa, ga shi saura ƙiris ka zama mai kisan kai.

Tsoron da kake ji ba na wasa ba ne, kuma ba zan ce ka je ka miƙa wa Toyi wuya ba. Gaskiya za ka faɗa, amma da tsari. Kada ka jira Asabar, don a gaban taro kowa kare fuskarsa yake yi, kuma a nan adda take fitowa. Gobe da safe ka hau mota ka je ƙauyen gwaggo. Mazalo ce ta fi kowa haƙƙin ji, ita za ka fara faɗa wa, a gaban gwaggonta. Ka faɗi duka: kwalbar, da kurɓar, da cittar ƙarya, da ƙwarya ta biyu. Kada ka nemi gafara a ranar, kada ka yi kukan da zai sa ita ta koma rarrashinka. In ta zage ka ka tsaya ka ji, in ta kore ka ka tafi.

Ban ga inda ka ce an kai ta asibiti ba, kuma wannan ya tayar mini da hankali. Ka roƙi gwaggo ta kai ta a ranar. Wasu magungunan kariya lokacinsu ya wuce, amma akwai gwajin ciki da na cututtuka, akwai raunukan da za a duba a rubuta, kuma tana bukatar wanda zai saurare ta ba da bel a hannu ba. Zancen kai ƙara wurin jandarma nata ne, ba na dattawa ba, ba naka ba. In ta ce za ta kai, kai ne shaidarta, ko da hakan zai jawo a tuhume ka a kan ƙwaryar da kuma hannun. Zai iya jawowa, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya kai kansa ya faɗi gaskiya dai ba a yi masa kallon wanda aka kamo a tashar jirgin ruwa.

Daga nan sai mahaifiyarka. Ita ƙanwar kawunka ce, ta san ta inda ake shigarsa. Ku sami dattijo guda wanda Toyi yake jin kunyarsa, ya fara zuwa ya karɓe addar, sannan ku shiga da sassafe kafin kowa ya kai ƙwarya baki. Ka kwance zakaran nan ka tafi da shi a hannu ka mayar. Kawunka zai gane akwai magana tun kafin ka buɗe baki. Mai yiwuwa ya ce kada ka ƙara taka gidansa, kuma dole ka ɗauki wannan. Amma shi ma yana da nasa nauyin, ya daki 'yarsa a ranar da ta fi bukatarsa, kuma sai ya ji gaskiya ne zai san akwai abin da zai gyara. Ka lura kuma, in ka ci gaba da shiru, bakin mutane zai koma kan Iya Neme da tukwanenta, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Yarinyar Lome ma ban manta da ita ba. Ka je a gwada jininka, ka sake komawa bayan wata uku. Ka nemi sunanta wurin waɗanda ta sauka a gidansu, ka tambayi lafiyarta, ka kuma shirya jin amsar da ba za ta yi maka daɗi ba. Cukutu mai ƙarfi da sodabi kuwa ka ajiye su, don ka ga abin da hannunka yake yi in sun shiga kanka. Duk ranar da ka sake ganin wani ya zaro kwalba daga ƙugu, ka kifar da ƙwaryar a gaban kowa, ko da za a yi maka dariya.

Lome ba za ta yi maka magani ba, ɗana, can ma zakaru suna cara. Yarinyar nan, da bayanta a farfashe, har yanzu tana nema maka mafita, tana cewa ko tukunya aka yi kuskure. Ta yi maka tambaya ɗaya ka kashe waya. Ta ce ba ka ji komai ba? Ka je ka ce mata ka ji.

Allah ya ba Mazalo lafiya, ya mayar da ita ajinta, kai kuma ya ba ka ƙarfin gwiwar hawa motar gobe.

Inna Solim